Gidajen tarihi na birnin Salvador da gurbin Hausawan Bahiya: sharhi

1. Gabatarwa

A cikin wannan maƙala muna son mu yi sharhi a kan gidajen tarihi na birnin Salvador, babban birnin jihar Bahiya ta ƙasar Barazil, wanda yake bakin tekun Atalantika. Mai karatu yana iya tambaya, me ya haɗa sashen nazarin harsuna na ƙasar da ba ta da ko taku ɗaya na gaɓar teku da wani birni na ƙetaren ruwa? Amsa ita ce, a farkon ƙarni na 19 an yi magana da Hausa a titunan wannan birni, an yi ciniki da ita, an yi karatun allo da ita, har ma an ƙulla tawaye da ita. Wannan kaɗai ya isa ya sa birnin ya shiga cikin taswirar manazarcin Hausa.

Turawan Fotugal ne suka kafa Salvador a shekara ta 1549, ƙarƙashin gwamna Tomé de Sousa, kuma shi ne babban birnin Barazil har zuwa 1763 lokacin da aka mayar da mulki Rio de Janeiro. A 1985 hukumar UNESCO ta sa tsohon garin cikin jerin kayan gadon duniya. Fiye da mutum miliyan ɗaya aka sauke a tashar jiragen ruwan Bahiya daga Afirka a zamanin cinikin bayi. Birni ne mai yawan gidajen tarihi, kuma littattafan jagorar baƙi sun riga sun jera su bisa kyan gini da tsadar kaya. Mu ba wannan ma'auni muka ɗauka ba. Tambayarmu ɗaya ce: wanda ya shiga waɗannan gidaje ya fito, zai san an yi Hausawa a garin nan? In ya sani, ya ji muryarsu, ko kuwa sunansu kawai ya gani? Abin da za mu yi ƙoƙarin nunawa shi ne, gadon da Hausawan Bahiya suka bari gado ne na rubutu da na kalma, irin wanda akwatin gilashi bai iya riƙewa, don haka gidan da ya fi cancanta Bahaushe ya ziyarta a Salvador ba ya ma cikin waɗanda ake kira gidajen tarihi.

2. Su wane ne Hausawan Bahiya?

Duk wanda ya tashi tsakanin Tasawa da Mayayi ya san cewa tsofaffin Sarkin Hausa da ƙauyukan Gulbin Kaba, in an tambaye su asali, ba "Bahaushe" suke fara cewa ba. Wani ya ce shi Bagobiri ne, wani Bakatsine, wasu su ce su Tazarawa ne. Hausa ita ce abin da ke bakinsu, asali kuwa gari ne da sarauta da tsagen fuska. A Bahiya aka tattara duk waɗannan bambance-bambance aka zuba su cikin suna ɗaya, wanda magatakardan Fotugal suke rubutawa Ussá ko Aussá. Wato a can harshe ne ya zama ƙabila, domin shi ne kaɗai abin da Bakano da Bagobiri da Bazazzagi suka tarar sun yi tarayya a kai bayan an sauke su daga jirgi.

Yawansu ya ƙaru ne daga 1804, da yaƙe-yaƙen jihadin Shehu Usmanu ɗan Fodiyo. Kamammun yaƙi daga ɓangarorin biyu, na masu jihadi da na sarakunan Haɓe, aka riƙa gangarawa da su ta ƙasar Nufe da ta Oyo zuwa Ikko da Badagiri da Porto-Novo da Wida, inda fataken Bahiya suke sayensu da taba. Pierre Verger ya yi bayanin wannan ciniki na taba dalla-dalla a cikin babban littafinsa na 1968 a kan kai-da-kawowa tsakanin gaɓar Benin da Bahiya. Yana da kyau a lura da yadda shekaru suka zo daidai. A 1807 Katsina ta faɗa hannun masu jihadi, abin da ya kai ga kafuwar sarautar Katsinawa a Maraɗi bayan ƴan shekaru. A watan Mayu na wannan shekarar kuma gwamnan Bahiya ya bankaɗo shirin tawaye na farko na Hausawa a Salvador. A 1808 Alkalawa ta faɗi. A Janairun 1809 bayi, galibinsu Hausawa, suka sake tashi a Bahiya. Ba muna cewa wannan ne ya haifar da wancan kai tsaye ba. Muna cewa dai tarihin da ɗalibanmu suke koya a matsayin tarihin gida, yana da reshe da ya fita ta teku, kuma mutanen da suka ɓace daga lissafin nan sun bayyana a lissafin can.

Wani babban tawaye da Hausawa suka jagoranta shi ne na Fabrairun 1814, wanda ya tashi daga sansanonin masunta na wajen Itapuã, arewa da birni. Mutum wajen 200 suka shiga, suka ƙona sansanonin, sojoji suka tare su a bakin kogin Joanes. Takardun shari'a sun ambaci jagoransu da laƙabin malomi, kalmar da za mu dawo kanta.

A nan dole mu ja hankalin abokan aikinmu a kan wani kuskure da ya yaɗu. Tawayen da duniya ta fi sani, na daren 24 zuwa 25 ga Janairun 1835, wanda ake kira tawayen Malê, ba na Hausawa ba ne. Likita Nina Rodrigues da waɗanda suka bi sawunsa sun ɗauke shi a matsayin ci-gaban jihadin Sakkwato a hannun Hausawa, kuma wannan fassara tana yi wa kunnenmu daɗi. Amma João José Reis, a littafinsa na 1986 wanda ya faɗaɗa a 2003, ya bi takardun shari'a ɗaya bayan ɗaya ya nuna cewa mafi yawan mutum 600 ɗin da suka fito a kwanakin ƙarshe na azumin nan Yarbawa ne Musulmi, waɗanda ake kira Nagô a can. Hausawa kaɗan ne cikinsu. Wanda ya fi fice shi ne wani ƴantaccen bawa mai sayar da taba, mai koyar da karatu, sunansa na baftisma Elesbão do Carmo, sunansa na gida Dandará. Saboda haka in muna neman gurbin Hausawa a gidajen tarihin Salvador, kada mu nema da kwaɗayin ɗaukar abin da ba namu ba. Shekarun Hausawa su ne 1807 zuwa 1816 ko makamancin haka. 1835 shekarar maƙwabtansu ce.

3. Gidajen da ake kai baƙo

Akwai gidaje biyu da za mu wuce da sauri. Gidan kayan ibadar Kirista, Museu de Arte Sacra, yana cikin tsohon gidan zuhudu na Santa Teresa na ƙarni na 17, jami'ar tarayya ta Bahiya ce take riƙe da shi tun 1959. Azurfa da zinariya da gumakan waliyyai sun cika shi, kuma mai son ganin inda dukiyar rake da taba ta tafi, to can ta tafi. Gidan tarihin sufurin teku kuwa, Museu Náutico, yana cikin ganuwar Santo Antônio da Barra, ƙarƙashin hasumiyar fitilar da ke shiryar da jirage a bakin mashigi. A ciki akwai kayan da aka tsamo daga wani jirgin Fotugal da ya nutse a 1668. Ga mutumin Sahel, amfanin wannan gida yana kan rufinsa: daga nan ake ganin ƙofar ruwan da kowane jirgin bayi ya bi ya shiga. Ya cancanci rabin yini.

Gidan da ya shafe mu shi ne Museu Afro-Brasileiro, wanda aka buɗe a Janairun 1982 a dandalin Terreiro de Jesus, cikin ginin tsohuwar makarantar likitanci. Shi ma na jami'ar tarayya ne, ya fito daga cibiyarta ta nazarin Afirka da Gabas wadda aka kafa a 1959, kuma Verger yana cikin waɗanda suka tara kayansa na farko. Abin da ya fi cika ido a ciki shi ne allunan katako 27 da mai zane Carybé ya sassaƙa a ƙarshen shekarun 1960, kowanne yana nuna ɗaya daga cikin orisha, wato abubuwan bauta na Yarbawa kamar yadda addinin kandombile ya riƙe su a Bahiya. Aiki ne mai kyau ƙwarai, ba mu da ja a kan wannan. Wanda ya taɓa zama a wurin wasan bori a Maraɗi ko Tsibiri ba zai ji baƙunci sosai ba: kowane iska da tufarsa da kayan hannunsa da dabbarsa da kiɗansa. Kusa da nan, a unguwar Pelourinho, akwai Casa do Benin wanda aka buɗe a 1988, shi ma da kayan da Verger ya kawo daga ƙasar Benin. Akwai kuma wani gida na ƙasar Angola. A 2023 aka sake buɗe babban gidan al'adun baƙar fata na ƙasa, MUNCAB, bayan gyara.

Hoton Afirka da baƙo yake fita da shi daga waɗannan gidaje hoto ne na gaɓar teku da kurmi: Yarbawa da Fon da mutanen Kwango da Angola. Wannan yana da dalili, kuma ba dalilin mugunta ba ne. Yarbawa su ne suka zo daga baya, da yawa, tsakanin shekarun 1820 da 1850 lokacin da aka rufe cinikin. Addininsu ya rayu, yana da gidajen ibada da mabiya har gobe, alhali Musuluncin bayi ya ƙare da mutuwar tsofaffin ƴan Afirka a farkon ƙarni na 20. Masanan da suka gina ilmin Afirka a Bahiya, irin su Verger da Roger Bastide, ta ƙofar kandombile suka shiga, kuma cibiyar da muka ambata ta fara koyar da Yarbanci tun wajen 1960. Gidan tarihi yana bin mai rai ne wanda zai zo ya ce "wannan namu ne". Hausawan Bahiya ba su bar wanda zai faɗi haka ba.

Sai dai muna ganin akwai wani dalili da ya fi wannan zurfi, kuma shi ne zuciyar sharhinmu. Gidan tarihi, yadda Turai ta ƙirƙiro shi, gida ne na abin gani da ido. Mabiyin orisha yana da ganga da sandar ƙarfe da dutsen wuya da sassaƙa, duk abubuwa masu jiki, masu ɗaukar hasken fitila. Malamin Hausa me yake da shi? Allo da tawada da alƙalamin kara da tasbaha da farar riga da laya. To, allo kuwa ana rubuta shi ne domin a wanke. Almajiri ya hardace, ya wanke. Majinyaci ya zo, a rubuta, a wanke, ya sha. Amfanin rubutun yana cikin gushewarsa. Laya kuma ana rubuta ta ne a naɗe, a ɗinke cikin fata, ba domin wani ya sake karantawa ba. In aka farke ta, ta tashi daga aiki. Ke nan kayan aikin malam biyu mafi muhimmanci, ɗaya yana share kansa, ɗaya yana ɓoye kansa. In an ajiye allo cikin gilashi, katako ne kawai mai wuya. In an ajiye laya, ƙullin fata ne kawai. Abin da ya mai da su abin da suke yana cikin baki da ƙwaƙwalwar mutumin da ya riga ya mutu.

Akwai kuma matsalar suna. Gidajen da aka raɗa wa sunayen ƙasashen yau, Benin da Angola, suna koya wa baƙo ya nemi asali a taswirar da aka zana bayan 1885. Bakatsinen da aka kama a 1807 ba ɗan Najeriya ba ne, ba kuma ɗan Nijar ba. Zuriyar ƴan'uwansa da suka tsira tana iya kasancewa a Katsina ko a Maraɗi ko a Tasawa. Babu ofishin jakadancin da zai ga wajibinsa ne ya gina masa ɗaki.

Wani abin lura game da ginin Museu Afro-Brasileiro shi ne, a wannan makarantar likitanci ce Nina Rodrigues ya koyar har mutuwarsa a 1906. Mutum ne da ya yi imani da fifikon launin fata, ya auna ƙoƙon kawunan mutane, ya rubuta abubuwan da ba a iya karantawa yau ba tare da ɓacin rai ba. Amma shi ne kuma ya bi tsofaffin ƴan Afirka na ƙarshe a lungunan Salvador ya rubuta kalmomi daga bakinsu, cikin harsuna biyar har da Hausa da Barbarci da Nufanci, aka buga su cikin littafinsa kan ƴan Afirka a Barazil wanda ya fito a farkon shekarun 1930, bayan mutuwarsa. Muryar Hausa ta ƙarshe a Bahiya ta hannun wannan mutum ta iso mana. Ba mu da zaɓi a kan wanda ya riƙe alƙalami.

4. Gidan da ba a kai baƙo

Ma'adanar takardun gwamnatin jihar Bahiya, Arquivo Público do Estado da Bahia, an kafa ta a 1890. Ba ta cikin jerin masu yawon buɗe ido, kuma ba a shiga a zagaya kamar gidan tarihi. Wurin zama ne a nemi fayil. A nan ne takardun shari'ar 1835 suke, tare da rubuce-rubucen da ƴan sanda suka kwaso daga gidaje da jikin waɗanda aka kama ko aka kashe. Wato layun da aka ɗinka domin kada a buɗe, hannun ɗan sanda ne ya farke su, kuma farkewar nan ce ta sa suka kai gare mu. Wannan gaskiya ce mai ɗaci wadda duk mai aiki da waɗannan takardu ya kamata ya riƙa tunawa.

Hukuma ba ta iya karanta abin da ta kama ba. Sai ta nemo wani bawa Bahaushe mai suna Albino ya karanta a gaban alƙali. Tafinta na farko na takardun Malê ke nan, bawa, a tsaye gaban mutanen da suke neman wanda za su kashe. Abin da ya faɗa an rubuta shi da Fotugisanci, kuma ya ƙunshi maganar shirin faɗa; takardun da suka rage kuwa, da masana suka karanta su daga baya, mafi yawansu ayoyin Alƙur'ani ne da addu'o'in tsari da hatimai. Ko Albino ya karanta wasu takardu ne da suka ɓace, ko ya faɗa wa alƙali abin da ya ga yana son ji, ko ya kare wani ta hanyar karkatar da magana, duk suna yiwuwa. Mu da muka gaji labaran tafintocin kumandan a ƙasar nan mun san cewa tsakanin bakin mai magana da kunnen mai mulki akwai fili mai faɗi, kuma tafinta ne yake nomansa.

Vincent Monteil ya yi nazarin 25 daga cikin takardun a mujallar IFAN ta Dakar a 1967, Rolf Reichert kuma ya buga su da hotuna da fassara a Salvador a 1970. Dukansu biyu Larabci suka je nema, Larabci kuma suka samu, wurin da ya ƙi karantuwa sai a ɗauka raunin marubuci ne. Sai a 2004 Nikolay Dobronravin, wanda ya san ajamin Afirka ta Yamma, ya nuna a mujallar Afro-Ásia cewa cikin rubuce-rubucen baƙaƙen Larabci da suka fito daga Barazil da Trinidad akwai waɗanda suke ɗauke da Hausa. Abin da aka ɗauka gurɓataccen Larabci, a wasu wurare Hausa ce lafiyayya da ba a sami mai jin ta ba. A ganinmu wannan shi ne darasi mafi girma ga sashenmu: takarda ta zauna fiye da shekara 150 a ma'adana, masana sun duba ta, sun ɗauki hotonta, sun buga ta, amma ba ta yi magana ba sai da mai kunnen harshen ya zo.

Wanda ya taɓa ganin rubutun allon makarantun ƙauyukanmu zai gane hannun nan take: rubutun warshu mai kauri, fa'un mai ɗigo a ƙasa, ƙafun mai ɗigo ɗaya a sama. Wannan ƴar shaida ta ido, wadda kowane gardi a Sarkin Hausa zai tabbatar cikin daƙiƙa, ita ce irin abin da ƴar takardar bayani a bangon gidan tarihi ya kamata ta faɗa.

5. Kalmomin da suka rage

Bari mu koma ga sana'armu. Ga siffofi uku da ake samu a takardu da littattafan Barazil:

(1) Ussá, Aussá, Hauçá
(2) malomi
(3) mussurumin, muçurumim

Misali na (1) ba shi da wuya. Fotugisanci ba ya furta h a farkon kalma, don haka magatakarda ya ji ausa, wani kuma ya taƙaita tagwan wasalin au zuwa u. Alamar da ke kan wasalin ƙarshe tana nuna inda kunnen Bafotugale ya ji nauyin kalmar. Misali na (2) malami ne, ba shakka, kuma yana da muhimmanci domin laƙabin da Musulmin Yarbawa suke amfani da shi a Bahiya shi ne alufá. Inda takarda ta ce malomi, muna cikin da'irar Hausa. Inda ta ce alufá, muna cikin ta Yarbawa. Haka ita kanta kalmar Malê daga imale ta Yarbanci ta fito. Kalma ɗaya tana iya raba wa masanin tarihi gardama.

Misali na (3) ya fi ban sha'awa. Asalinsa musulmi ne, ko musulmin, kuma abubuwa biyu suka same shi: l ta koma r, sannan aka cusa wasalin u tsakanin baƙaƙe biyu domin a sami gaɓoɓi buɗaɗɗu. Musayar l da r a ƙarshen gaɓa ba baƙuwa ba ce a Hausa kanta, tun da mu a nan halshe muke cewa inda Kano take cewa harshe. Amma cusa wasali ba halin Hausa ba ne a wannan muhalli, Bahaushe ba ya jin nauyin lm. Ya fi kama da aikin bakin Bayarbe ko Banufe, ko na Fotugisancin Barazil, wanda shi ma yakan raba cunkoson baƙaƙe da wasali. Ke nan kalmar ta ratsa baki fiye da ɗaya kafin ta kai takarda. Game da sunan Dandará kuwa, kunnenmu yana jin ɗan a farkonsa, irin na Ɗan Kasawa da Ɗan Baskore, amma wannan hasashe ne na kunne, ba mu ɗora komai a kansa.

Bayan waɗannan tsirarun kalmomi akwai jerin kalmomi guda uku da aka tara daga bakin Hausawa a Barazil, kuma a nan ne muke ganin aiki yana jiranmu. Na farko ya fito daga hirar da José Bonifácio de Andrada, wanda daga baya ya zama jigon ƴancin kan Barazil, ya yi da wasu bayi Hausawa a 1819 domin ya gano inda kogin Kwara yake zuba. An buga sakamakon da Faransanci a wata mujallar tafiye-tafiye ta Faris a 1826. Na biyu yana cikin ɗan littafin da Francis de Castelnau, ƙaramin jakadan Faransa a Bahiya, ya buga a 1851. Abin da ya dami Castelnau shi ne jita-jitar mutane masu wutsiya a tsakiyar Afirka, har ya sa wannan a sunan littafin, kuma mai karatu na yau zai yi dariya ko tsaki. Amma a kan hanyar neman wutsiya ya rubuta sunayen waɗanda ya yi hira da su da garuruwansu da yaƙin da aka kama su da zangon da aka bi da su har teku, ya kuma haɗa da jerin kalmomi. Paul Lovejoy ya yi amfani da wannan bayani a 1994 wajen gano asalin bayi Musulmi na Bahiya. Na uku shi ne na Nina Rodrigues.

Masana tarihi sun tatsi waɗannan matanoni. Ta fuskar harshe kuwa ana iya tambayarsu abin da ba a saba tambaya ba. Jerin 1819 ya girmi ƙamus ɗin Schön na 1843, ya girmi na Koelle na 1854 wanda aka tara a Firitawun daga bakin ƴantattun bayi, har da mutanen Kano da na Katsina. Mun san cewa ɗaya daga cikin manyan abubuwan da suka raba karin gabas da na yamma shi ne makomar baƙaƙen leɓe a ƙarshen gaɓa, abin da August Klingenheben ya bayyana a 1928: Kano tana cewa zauna da sauro da aure, Katsina da Maraɗi da Tasawa suna cewa zamna da sabro da amre. Haka nan fari da hwari, da kuma rigar sarki da rigas sarki. Tun yaushe Kano ta rabu da siffofin da muka riƙe? In mutumin da ya ce wa Castelnau shi Bakano ne, wanda aka fitar da shi daga gida yana saurayi, ya ba da siffa mai m ko b, to canjin bai gama kankama ba a lokacin ƙuruciyarsa. In ya ba da mai u, to ya riga ya zauna tun lokacin ƙuruciyarsa. Dole a yi hattara, domin kunnen Bafaranshe da na Bafotugale ne suka tace sautin, ba sa nuna tsawon wasali, ba sa nuna karin sauti, ba sa bambanta ƙ da k ko ɗ da d. Amma m da u ba sa ɓoyuwa ko ga kunnen baƙo. Akwai kuma yiwuwar cewa zaman shekaru tare a Bahiya ya narkar da kare-karen zuwa wata Hausa ta tsakiya, kamar yadda ya faru a zangunan Kumasi da Akara. Jerin Nina Rodrigues, wanda aka tara bayan rabin ƙarni da yankewar hanya, shi ne wurin gwada wannan.

Kada mu ɗora wa Bahiya laifin da muke da shi a gida. Gidan tarihinmu na ƙasa a Yamai, wanda aka buɗe a 1959 da himmar Bubu Hama da Pablo Toucet, shi ma a kan abin gani aka gina shi: tufafi da kayan kiɗa da samfurin ɗakunan kowace al'umma da ƙasusuwan Gadufawa da busasshiyar itaciyar Tenere da aka kawo a 1973. Rubuce-rubucen Larabci da ajami suna wani gida, a cibiyar IRSH. Muryoyin da aka naɗa suna wani, a CELHTO. Rabon da muka gani a Salvador tsakanin abin gani da abin karantawa, mu ma mun yi shi, domin daga makaranta ɗaya muka koyo. Kuma labarin waɗanda aka sayar kudu, da waɗanda suka sayar da su, ba labari ne da muke gaggawar rataye shi a bango ba.

Sunan Malê yana raye a Salvador ta wata hanya da ba ta gilashi ba. A 1979 aka kafa ƙungiyar kiɗan bikin kanibal mai suna Malê Debalê, kuma mazauninta Itapuã ne, wato daidai yankin da malomi da mutanensa suka tashi a 1814. Sunan na 1835 ne, filin na 1814. Littafin Castelnau kuwa yana cikin waɗanda babban ɗakin karatu na Faransa ya sa a intanet kyauta, ɗalibin da ya iya Faransanci kuma ya tashi da zamna da sabro a bakinsa yana iya fara gwada jerin kalmomin daga Maraɗi ko Yamai, kafin ya sami kuɗin jirgin Bahiya.